Zuwa Takoradi a Jirgin Sama: Tambayoyin da Mutanen Zangunan Accra Suka Fi Yi

Waɗannan amsoshi ne ga 'yan kasuwa, ɗalibai, ma'aikata da masu zuwa biki ko ta'aziyya daga Nima, Mamobi, Fadama, Madina, Sabon Zango da Ashaiman. Kuɗin tikiti da lokutan tashi suna yawan canzawa, sai a duba su wurin kamfani ranar da za a saya.

Wane irin fili ne filin jirgin Takoradi, kuma wa ke riƙe da shi?

Sansanin sojojin sama ne na Ghana wanda aka ba jiragen fasinja damar sauka a ciki. Filayen Accra, Kumasi da Tamale suna hannun kamfanin filayen jirage na gwamnati, amma na Takoradi ƙasarsa da ƙofarsa na soja ne. A tikiti za ka ga an rubuta TKD. Titin saukarsa ɗaya ne, tsawonsa kimanin mita 1,750, wato kusan rabin na Accra mai mita 3,400. Ɗakin jiran fasinja ƙarami ne, da ƙafa ake takawa zuwa gindin jirgi, kuma jiragen da ke zuwa a yini 'yan kaɗan ne. Kusan duk matsalar da fasinja zai gamu da ita a wannan hanya daga ƙanƙantar nan take fitowa.

Jirgin ya fi mota da gaske, ko dai ɓarnar kuɗi ce?

Ya danganta da unguwar da ka taso da kuma inda za ka sauke kaya. A sama, tsakanin Accra da Takoradi bai kai kilomita 200 ba, jirgi yana cinye shi cikin minti 30 zuwa 40. Amma ba wannan ne lissafin ba. Wanda ke Nima ko Mamobi zai bar gida awa biyu kafin tashi, ya yi rabin awa da 'yan kai a sama, ya ƙara wani rabin awa wajen karɓar kaya da neman tasi. Daga ƙofa zuwa ƙofa awa uku ke nan, ko uku da rabi.

Ta mota kuwa hanyar ta kai kilomita 220 da ɗoriya: Kaneshie, Mallam, Kasoa, mararrabar Winneba, Mankessim, Cape Coast, sannan Sekondi da Takoradi. In hanya ta yi kyau awa huɗu ne zuwa biyar. Ranar Juma'a da yamma, ko ranar da Kasoa da Mankessim suka cushe, sai ta kai shida. Saboda haka ɗan Nima, Madina ko Ashaiman yana cin ribar rabin awa zuwa awa uku, ga kuma hutun jiki.

Mutum biyu ne ba ma ba su shawarar jirgi. Na farko mazaunin Kasoa ko Weija: ya riga ya wuce mafi munin cunkoson, in ya juyo cikin gari don ya hau jirgi, sauri ya haifi nawa. Na biyu mai zuwa Cape Coast ko Elmina. Cape Coast tana kimanin kilomita 145 daga Accra, kuma in ka sauka Takoradi sai ka sake dawowa baya fiye da kilomita 70. Amma mai zuwa Tarkwa, Axim, Atuabo ko iyakar Elubo, jirgi yana rage masa rabin wahala.

Waɗanne kamfanoni ne ke zuwa, kuma wane irin jirgi?

Africa World Airlines, wanda ya fara aiki a 2012, da PassionAir, wanda ya fara a 2018. Na farko yana amfani da Embraer 145, mai kujera 50, ɗaya a hagu biyu a dama. Na biyu yana da Dash 8 mai farfela, kujeru biyu-biyu. Wasu suna ganin farfela sai gabansu ya faɗi, suna zaton tsohon yayi ne. Ba haka ba ne, irinsa aka ƙera domin gajeriyar tafiya da gajeren titi. Ƙararsa ce dai ta fi, musamman ga wanda kujerarsa ke daidai da farfelar; mai son sauƙi ya nemi kujerun baya.

Ni a Kumasi nake, a Aboabo. Yaya zan yi?

Jiragen cikin gida a Accra suke haɗuwa, don haka yawanci sai ka tashi daga filin Prempeh I zuwa Accra, ka jira, ka sake hawa wani. Tikiti biyu, jira biyu. Mota ta Assin Fosu da Yamoransa, ko ta Obuasi da Dunkwa ga mai zuwa Tarkwa, ta fi maka araha, kuma sau da yawa lokacin kusan ɗaya ne.

A ina ya kamata in sayi tikiti?

A shafin kamfanin na intanet, ko ofishinsa, ko wurin dillalin da ke da shago wanda ka san inda za ka same shi gobe. Ana biya da MoMo ko katin banki. Kujerun jirgi ɗaya ba kuɗinsu ɗaya ba: ana fara sayar da masu araha, in sun ƙare kuɗi ya hau. Safiyar Litinin da yammacin Juma'a ma'aikatan mai da na ma'adinai ne ke cika jirgin. A ƙarshen Disamba kuma, lokacin bikin Ankos da masu rufe fuska ke cika titunan Takoradi, kujera tana wuya tun da makonni.

Abu uku ke jawo asara. Na ɗaya suna: a rubuta shi daidai yadda yake a katin shaida. In kati ya ce Mohammed Awal, kada a rubuta Muhammad Auwal ko Alhaji Awudu don haka aka saba kira. Na biyu, in ka sayi zuwa da dawowa sai ka fasa zuwan ba ka sanar ba, kamfanoni da yawa suna soke dawowar. Na uku 'yan damfara a WhatsApp da Facebook masu tallar tikiti rabin kuɗi. Kowane tikiti na gaskiya yana da lambar ajiya mai haruffa da alƙaluma shida. Shigar da ita tare da sunanka a shafin kamfanin. In tafiyarka ba ta fito ba, ko ta fito amma an nuna ba a biya ba, to ba ka da kujera.

Me zan riƙe, kuma ƙarfe nawa zan isa?

Ghana Card ko fasfo, na ainihi, ba hotonsa a waya ba. Yaro a riƙo masa takardar haihuwa. A Accra jiragen cikin gida daga Terminal 2 suke tashi, Terminal 3 na ƙasashen waje ne. A faɗa wa direba tun a hanya. Ana rufe kantar awon kaya minti 30 zuwa 45 kafin tashi, gwargwadon kamfani, kuma in kwamfuta ta rufe, roƙo ba ya buɗe ta. Ka isa da awa ɗaya da rabi a hannu. A Takoradi ma haka, ko da yake wurin ƙarami ne, domin layin bincike ɗaya ne, kuma akwai tsayawa a ƙofar shiga.

Kilo nawa aka yarda, kuma me ba a ɗauka?

Babbar jaka yawanci kilo 20 zuwa 23, jakar hannu kilo 5 zuwa 7. Ainihin adadin yana rubuce a tikitinka. Abin da ya haura, kowane kilo da kuɗinsa, kuma kilo goma na ƙari zai iya fin kuɗin aika buhu guda a bas. Hajiyar da ke kai atamfa, leshi ko mayafai kasuwar Takoradi gara ta aika dilar da bas daga Kaneshie ko Circle tun jiya, ta hau jirgi da jakarta kawai. A auna kaya a gida. Ma'ajiyar saman kujera a waɗannan jirage ƙarama ce. Jakar hannu mai taya sau da yawa a gindin matakala ake karɓarta, a mayar maka in an sauka, don haka a cire kuɗi, magani da waya kafin a miƙa.

A jakar hannu, duk abu mai ruwa ko mai maiƙo kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Shito, man ja, man kaɗanya, zuma, humra da manyan kwalaben turare duk babbar jaka za su shiga. Iska tana raguwa a sama, sai kwalba ta yi tsartuwa ta murfi. A shimfiɗa leda a bakinta kafin a murɗa murfi, a naɗe da salatif, a sa cikin leda biyu, a tsayar da ita tsakiyar tufafi. Kilishi, yaji, goro, dabino da garin koko ba su da matsala. Wuƙa, almakashi da reza su ma babbar jaka.

Akwai abin da ba ya hawa sam, ko a wace jaka: gawayin turaren wuta mai kama wuta da kansa, fetur, kananzir, tukunyar gas, fenti da abin wasan wuta. Fawabank kuma a jakar hannu kaɗai ake ɗaukarsa, saboda in batirin ya kama wuta a cikin ɗakin fasinja ana gani a kashe, a rumbun kaya kuwa ba mai gani. Iyakarsa 100Wh. Mai 20,000mAh yana kusan 74Wh, ya wuce lafiya. Wanda ya haura 27,000mAh sai da izinin kamfani, kuma wanda rubutun jikinsa ya goge ana iya ƙwace shi.

Masu dawowa da kifi daga tashar masunta ta Sekondi: busasshe ko mai hayaƙi a naɗe shi da takarda, a sa leda biyu, a sa a kwali a ɗaure. Ɗanye sai an daskarar da shi ya yi tauri, a kula mai murfi da aka liƙe. In ruwa yana ɗiga ko ƙarni yana tashi, ma'aikacin kanta yana da ikon ƙin karɓa.

Me ya sa ake yawan jinkiri ko soke tashi?

Dalili uku ne, kuma ba duka ake faɗa a lasifika ba.

Na farko ruwan sama. Yankin Yamma shi ya fi ko'ina ruwa a Ghana. Axim, wadda ba ta da nisa da Takoradi, tana cikin wuraren da suka fi samun ruwa a ƙasar. Babbar damina daga Afrilu zuwa Yuli take, ta fi ƙarfi a Mayu da Yuni, sai ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. In hadari ya tsaya kan filin, ko gajimare ya sauko har matuƙi bai hango titi ba a tsayin da doka ta yanka masa, dole ya sake tashi sama, ya zagaya, ko ya koma Accra. Jiƙaƙƙen titi kuma yana ƙara nisan da jirgi ke buƙata kafin birki ya tsayar da shi, ga titin dama gajere.

Na biyu hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ya fi tsanani a arewa, amma yana shafar mai zuwa Takoradi ta bayan gida: jirgin da zai ɗauke ka da rana wataƙila shi ne ya tafi Tamale ko Wa da safe. In hazo ya riƙe shi can, kai ma ka zauna, ko da sararin Accra garau yake.

Na uku ƙarancin jirage. Kamfanonin ba su da jirage da yawa, ba a kuma ajiye na ko-ta-kwana a Takoradi. In ƙaramin abu ya lalace, ko jirgi ya bugi tsuntsu wajen sauka, sai injiniya ya duba ya sa hannu, wani lokaci sai an kawo kayan gyara daga Accra. Wani sa'in kuma harkar sojoji ce ke sa a dakata.

Maganin duka ɗaya ne: jirgin farko na safe. Shi bai gaji jinkirin kowa ba, iska ba ta yi zafi ba balle ya yi ta girgiza, in kuma aka soke shi kana da sauran yini ka kama mota. A sa lambar wayar da ke aiki lokacin sayen tikiti, domin ta nan ake aiko da saƙon canji. In kamfani ne ya soke, kana da zaɓin a mayar da kai wani jirgi ko a dawo maka da kuɗi. Ka nema a rubuce kafin ka bar kanta.

An yi mana rasuwa a Sekondi, jana'iza bayan la'asar. Jirgi ko mota?

Allah ya jiƙan rai. In labari ya zo da dare kuma akwai kujera a jirgin safe, a saya nan take. In babu sai na rana, kada a jira shi: a kama mota bayan sallar asuba, kafin Kasoa ta cushe, za a isa kafin azahar da yardar Allah. Jinkirin awa ɗaya a jirgin rana ya isa ya sa a tarar an dawo daga maƙabarta.

Zan tafi da mahaifiyata, ƙafa tana damunta. Ga matata da juna biyu.

Ga Hajiya, a nemi keken guragu lokacin sayen tikiti, ko aƙalla awa 48 kafin tafiya, a kuma bayyana ko tana iya hawa 'yan matakalu da kanta, tunda ba gadar shiga jirgi a Takoradi. Maganinta ya zauna a jakar hannu. Mai juna biyu, daga mako 28 yawancin kamfanoni suna neman takardar likita ta kwanan nan, bayan mako 36 ba sa ɗauka, in tagwaye ne tun daga mako 32. A riƙo katin awo. Jaririn da bai kai shekara 2 ba a cinya yake zama, amma dole a sa sunansa a tikiti. A ba shi nono lokacin da jirgi ya fara sauka, haɗiya ce ke buɗe masa kunne. Babba mai mura ya tauna cingam ko goro.

Za a sa in cire hijabi wajen bincike?

Ba a saba ba. In na'ura ta yi ƙara, yawanci allurar mayafi ce, ko awarwaro, ko maɓallin ƙarfe. Ki nemi ma'aikaciya mace ta duba ki. Mai niƙabi za a so a ga fuskarta a gwada da katinta, tana iya neman a yi a gefe. Malam mai babbar riga ya kwashe abin da ke aljihunan ciki tun kafin layi ya iso kansa.

Sallah fa?

Tafiyar ba ta kai a yi sallah a kujera ba. A yi kafin hawa ko bayan sauka. A yi alwala tun daga gida. Nisan ya wuce na ƙasaru, wanda a mazhabar Malikiyya mil 48 ne, kuma saurin jirgi ba ya soke rangwamen. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku sai ya cika sallarsa da ya isa. Alƙibla a Takoradi gabas ce maso arewa. Akwai masallatai da jama'armu a zangunan Kwesimintsim, Effiakuma da Sekondi.

In na sauka, yaya zan shiga gari?

Filin a cikin gari yake, 'yan mintoci ne zuwa Market Circle, tsakiyar gari. A yi ciniki da mai tasi kafin a sa kaya a but, a kuma fayyace cewa shata ce ta kai tsaye. Mai zuwa ɗaukar ka ya riƙo katin shaidarsa, ya bi umarnin sojan ƙofa, kada ya tsaya inda ba a ce ba. Mai wucewa yamma, hanyarsa ta Apowa da Agona Nkwanta ce, inda ta rabu zuwa Tarkwa, ko Busua da Dixcove, ko Axim da Elubo. Tarkwa kusan kilomita 90 ce, Elubo kusan 130, kuma manyan motocin ma'adinai suna rage gudu. Mai son isa da rana ya sauka da safe.

Zan iya ɗaukar hoto?

Kada ka auna waya wajen jiragen soja, rumfunansu ko ƙofar shiga. Ana iya karɓar wayar a sa ka goge, ka kuma ɓata lokaci kana bayani. Jirgi marar matuƙi na masu ɗaukar biki kuwa, sai da rajistar hukumar sufurin sama ta Ghana, kuma kusa da filin haramun ne gaba ɗaya.

Helikwaftocin da ake gani suna tashi, na haya ne?

Wasu na soja ne, wasu na kamfanonin mai. An gano mai a rijiyar Jubilee a 2007, aka fara haƙowa a Disamba 2010, kuma daga Takoradi ake kai ma'aikata can cikin teku. Ba a sayar da tikitinsu. Ma'aikaci ma sai yana da takardar lafiya da shaidar horon tsira a ruwa. Duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ya sama maka aiki a teku har da kujerar helikwafta, ɓarawo ne.

Gaskiya ne filin yana da alaƙa da Kano?

Ƙwarai. Da Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu a Yuni 1940, kai jiragen yaƙi Masar ta Bahar Rum ya zama haɗari ga Ingila. Sai aka koma tashar jiragen ruwa ta Takoradi, wadda aka buɗe a 1928. A cikin akwatunan katako ake kawo jiragen, a harhaɗa su a wannan fili, su tashi ayari-ayari: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yau ake kira N'Djamena, sannan Sudan ta El Fasher da Khartoum, har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, bayan Chadi ta goyi bayan 'yantacciyar Faransa ta buɗe sararinta. Zuwa 1943 jirage kusan 5,000 ne suka bi wannan layi, wanda daga Kano zuwa gabas kusan shi ne tsohuwar hanyar alhazan ƙasa.

Daga Takoradi zan wuce Umra. Zan iya haɗa jiragen rana ɗaya?

Daga Takoradi ba a tashi zuwa waje. Jiragen alhazai ma daga Accra da Tamale suke tashi. In tikitocin daban-daban ne, sai ka karɓi kayanka a Terminal 2, ka kai su Terminal 3 da kanka, a sake aunawa. In na Takoradi ya makara ka rasa na Jidda, ba kamfanin da zai biya ka. A bar aƙalla awa biyar tsakani, mafi kyau ma a kwana a Accra wurin 'yan'uwa. A dawowa kuma a tuna: jirgin waje ya ba ka jaka biyu masu kilo 23 da ruwan Zamzam, na cikin gida jaka ɗaya ya sani. Ragowar a ɗora a mota.

Jakata ba ta iso ba, ko ta iso a fashe. Me zan yi?

A ƙananan jirage wannan yana faruwa ko ba sakaci. In jirgi ya cika, titi ya jiƙe, aka kuma ƙara mai saboda hadari, nauyi yana iya haura abin da aka yarda, sai a sauke wasu jakunkuna su biyo na gaba. Kada ka fita daga filin sai ka ga ma'aikacin kamfanin ya cika takardar rahoto ya ba ka lambarta. Zai nemi 'yar takardar da aka manna maka a bayan takardar shiga jirgi lokacin awo, don haka kada a yar da ita. Ka ba da launin jaka, girmanta, lambar waya da inda ka sauka, ka tambayi ƙarfe nawa jirgi na gaba zai iso da kuma ko su za su kawo maka. Fashewa ko yagewa ma nan take ake nunawa, a ɗauki hotonta a gaban ma'aikacin cikin ɗakin karɓar kaya. Kamfanoni ba sa biyan diyyar kuɗi, gwal ko waya da aka sa a babbar jaka, kuma jakar leda mai zif da aka cusa har ta kumbura, in ta yage, kan mai ita take komawa.